Jazuli Ya Yi wa Turawa Tayi

Akwai wata ɗabi'a tamu da ban san wanda ya fara ta ba, amma ko wane ne, Allah ya yafe masa. Ka ga mutum da sabuwar hula ka ce, "Kai, wannan hular ta yi kyau!" Nan take zai kai hannu ka ya ce, "Ai taka ce, ɗauka mana." Kai kuma ka ja da baya ka ce, "Haba dai! Ai kai ta fi yi wa kyau, a kashe lafiya." Shi ya yi kyauta, kai ka yi kawaici, hula tana nan daram a kan mai ita, kowa ya wuce yana jin shi ɗan mutunci ne. Ni da nake ba ku labarin nan, motocin da aka ba ni ta wannan hanya a garin Zariya, da zan tara su da tuni na buɗe tasha. Har yau kuwa a adaidaita nake zuwa aiki.

To, abokinmu Jazuli na Tudun Wada, shi abin a jininsa yake. Ko atishawarsa ka yaba sai ya yi maka tayinta.

Sana'ar Jazuli zanen fosta ce da kalandar biki a kwamfuta, amma zuciyarsa ba a can take ba. Shekara da shekaru ya yi yana haɗa wani fim na katun, wuta ta zo ya zana ƙafa, wuta ta ɗauke ya jira, ta dawo ya zana ɗayar ƙafar. Sunan fim ɗin Kutu Sarkin Katanga. Labarin wani ƙadangare ne mai jan kai da ya naɗa kansa sarautar katangar gidan wata tsohuwa, kullum yana rigima da kaji a kan sai sun biya shi haraji. Mu a majalisa dariya muke masa, muna cewa ƙato da gemunsa ya zauna yana zanen ƙadangare. Da ya saki abin a waya, sai ga 'ya'yanmu suna ƙwace mana wayoyi suna cinye mana data. Daga nan muka fara cewa ai dama mu muka ba shi shawara.

Ana haka sai aka gayyace shi wata babbar kasuwar baje kolin fina-finan katun a wani birni na Turai. Can ne masu gidajen talabijin na yara da masu kamfanonin kayan wasa suke haɗuwa su zaɓi abin da za su saya. Masu shirya taron suka sa masa ganawa da wata mata da ake kira Madam Roza a yinin ƙarshe na kasuwar. Ita ce mai saya wa tashoshin yara na ƙasashe da dama fim, in ta ce e, Kutu ya haye. Amma suka ja masa kunne cewa kada ya zo da fim tsurarsa. Madam ba ta sayen fim sai ta ga kayan da za a sayar da hoton jarumin, wato 'yar tsana, jakar makaranta, gorar ruwa, riga, har maƙalin makulli. Mu duk a zatonmu ana yin katun ne don yara su kalla su yi dariya. Ashe ana yi ne don yaro ya shiga kanti ya yi ta birgima a ƙasa har sai an saya masa jaka.

Nan matarsa Barira ta shigo. Barira tela ce, kuma gayyatar ta zo dab da Sallah, lokacin da tela yake zama sarki. Haka ta mayar wa mutane atamfofinsu da shaddojinsu tana ba da haƙuri, ta zauna a kan keke tana ɗinka ƙadangaru. Hajiya Ladidi, wadda tun kafin auren Barira take kawo mata ɗinki, ta zo da kanta ta kwashe kayanta ta tsallaka da su shagon da ke kallon nata, kuma ba ta tsallaka ita kaɗai ba. Barira ta ci gaba da aikinta har ta gama cusa wa Kutu na ƙarshe auduga. Sannan ta ɗago ta dubi mijinta.

"Malam, na kori masu ɗinkina saboda ƙadangarenka. In muka je muka dawo hannu rabbana, ka rufe kwamfutar nan ka koma shagon tayar Yaya Mudi. Ka yarda?"

Jazuli ya tsani shagon tayar nan kamar me. Warin robar kaɗai ciwon kai yake sa masa, ga Yaya Mudi da har yau yake aikensa sayen ƙosai a gaban mutane. Amma ya dafa ƙirji ya ce ya yarda, har da rantsuwa.

Gayyatar ta mutum biyu ce, don haka kowa a majalisa ya fara tuna wa Jazuli tsohuwar zumunta. Ni har hoton fasfo na je na ɗauka. Barira ta ce wanda ya ɗinka shi zai raka kayansa, magana ta ƙare a nan.

Suka isa. Jazuli ya ce da ya shiga zauren kasuwar rasa inda zai kalla ya yi. Ko'ina allunan talabijin ne manya-manya, ga mutane sanye da kayan beyar da na zomo suna yawo suna ɗaga wa jama'a hannu. Rumfarsu 'yar ƙarama ce a can lungu, kusa da inda ake shan kofi. Barira ta shimfiɗa atamfa a kan teburi ta jera kayanta, 'yan tsana a sahun gaba da jajayen kawunansu, jakunkuna a rataye, gorori da riguna a gefe. Wallahi a hoton da suka turo mana rumfar ta yi kyau.

Maƙwabcinsu wani gajere ne mai fim ɗin mutum-mutumin ƙarfe. Duk wanda ya gifta sai ya tare shi ya ce masa fim ɗinsa ya fi kowane fim a duniya, yara za su haukace a kansa. Jazuli ya riƙa sunkuyar da kai yana jin kunya a madadinsa. Mutum ya tsaya da bakinsa yana yabon abinsa, ko nauyin ido babu! Shi kuwa in aka tambaye shi ko fim ɗinsa yana da kyau, sai ya ce, "To, ba laifi dai, muna ɗan taɓawa." Aka tambaye shi yara masu shekara nawa yake yi wa, ya ce duk wanda ya samu waya, har kakarsa tana kallo. Aka ce kashi nawa yake iya fitarwa a shekara, ya ce wannan ya danganta da wuta.

Can sai ga wani dogon Bature ya tsaya ya ɗauki jakar makaranta yana jujjuyawa. Ya shafa ɗinkin, ya ja zif ya mayar, ya ce bai taɓa ganin jaka mai kyan wannan ba. Jazuli ya karkata kai, ya sosa ƙeya, ya ce masa cikin Turancinsa mai kyau, "Haba, wannan ɗan abin? Ai taka ce, ɗauka mana."

Baturen ya zaro ido ya ce da gaske? Jazuli ya ce da gaske mana, yana jiran ya ji an ce a kashe lafiya. Sai mutumin nan ya rungume shi, ya rataya jaka a kafaɗa, ya juya ya shige cikin jama'a.

Jazuli ya tsaya da murmushinsa a fuska yana bin sa da kallo.

Barira ba ta jin Turanci sosai, amma tana da ido. Ta ce, "Malam, ina zai kai mini jaka?"

"Zai dawo. Wasa yake yi."

"Me ya ce maka?"

"Ya ce ya gode."

"Kai me ka ce masa?"

Jazuli ya ce bari ya je ya ɗebo musu kofi.

Baturen bai dawo ba. Wadda ta zo wata mata ce mai tabarau, ta yaba gorar ruwa, gorar ruwa ta tafi. Wani saurayi mai kitso ya yaba riga, riga ta tafi. Kafin azahar labari ya zaga zauren cewa akwai wata rumfa a lungu, in ka ce abu ya yi kyau sai a ba ka. Jama'a, sai ga layi! Mutane da kwat da lakataye, masu kamfanoni, suna tsaye a natse kowa yana jiran a zo kansa ya yi yabo. Jazuli ya ɗauki hoton layin ya turo mana. Mu kuma, da yake duk kanmu ɗaya, muka hau murna muna rubuta masa cewa Kutu ya ci Turai da yaƙi. Har da mai cewa a fara neman wanda zai yi mana ankon tarba.

Shi kansa Jazuli ya san akwai matsala, don teburi sai ƙara faɗi yake yi. Sai ya fara dabaru. Da farko ya koma yin tayin ƙasa-ƙasa, can cikin maƙoshi, yadda ko Barira ba za ta ji ba. Ashe mutanen nan kunnensu ras yake. Sai ya sake salo, ya ce ɗauka da baki amma ya riƙe kayan gam da hannu, yadda duk ɗan arziki zai gane. Wani mai ƙiba ya ja 'yar tsana ya ji ta ƙi zuwa, ya ɗauka maƙalewa ta yi, ya sa hannu biyu ya fizge, har yana ba Jazuli haƙuri wai bai ji masa ciwo ba ko?

Da suka koma masauki da yamma, Barira ta cika ta batse. Ta zaunar da shi a bakin gado.

"Malam, tambayarka zan yi. In mutum ya ce abu ya yi kyau, ka ce na gode ka rufe bakinka, mutuwa za ka yi?"

"Barira, ba ki gane ba. Mutum ya yaba abinka ka yi shiru? Ai sai a ce ba a yi mini tarbiyya ba."

"Wa zai ce? Wa ka sani a garin nan?"

"Ko ba wanda ya sani, ni na sani."

"To ka san wannan ma. Yatsun nan da ka gani, allura ta huda su ba adadi. Hajiya Ladidi ta tafi ta ja mini rabin unguwa. Ban yi haka don in raba wa ƙattin Turai sadaka ba. Gobe na gode kawai za ka ce."

Ya ce in sha Allahu.

Washegari kuwa ya gwada, a ba shi wannan. Wani dattijo mai sanda ya zo ya ɗauki maƙalin makulli ya ce kai, wannan abu da ban sha'awa yake. Jazuli ya ce, "Na gode," ya datse baki. Dattijon ya yi murmushi ya ajiye, ya kama hanyarsa hankali kwance. Shi kuwa Jazuli gumi ya karyo masa a cikin sanyin nan. Ya ce ji ya yi kamar ya zagi uban mutumin a bainar jama'a. Ya dubi Barira, ya dubi bayan dattijo da ke ɗingisawa da sanda, ya sake duban Barira. Tana sunkuyawa ɗaukar wani abu a jaka, ya wawuri maƙalin ya bi tsohon da gudu.

Da ya dawo ya ce mata, "Dattijo ne fa. Sa'an Baba ne."

Daga nan ya ce bari shi ma ya rama. Ai ba shi kaɗai ne mai kaya a zauren ba. Ya taka rumfar maƙwabcinsa gajere, ya ɗauki mutum-mutumin ƙarfe mai ƙyalli, ya yabe shi tun daga kai har ƙafa. Ya ce bai taɓa ganin irinsa ba, ya ce 'yarsa za ta so shi, ya ƙara da cewa ita marar lafiya ce ma, alhali ƙalau muka gan ta a ranar tana tsallen igiya. Gajeren ya ji daɗi ƙwarai. Ya karɓi abinsa daga hannun Jazuli a hankali ya mayar kan kantar rumfarsa, ya nuna masa inda zai shiga a intanet ya saya, ya ce in ya yi sauri akwai ragi.

Jazuli ya dawo yana huci. "Kin ga mutumin nan? Ko tayin ƙarya babu! Wane irin gida ya fito?"

Barira ta ce, "Gidan da kayansu ke kwana a kanta."

Kafin a tashi a ranar, hularsa ma ta tafi. Zanna Bukar ce sabuwa dal, wadda ya saya musamman don tafiyar. Wata yarinya mai ɗaukar hoto ta ce aikin zaren ya burge ta, hannunsa ya kai ka kafin hankalinsa ya iso. Ya ce yana kallo ta kifa ta a kan jan gashinta a karkace, ta ɗauki kanta hoto, ta wuce.

Ranar ƙarshe, ranar Madam Roza, suka iso rumfa da safe. Abin da ya rage a teburi 'yar tsana ɗaya ce tal, babban Kutu, wanda Barira ta fi ɓata wa lokaci, mai rawani da 'yar sandar sarauta. Barira ta dube shi, ta dubi mijinta, ta hango mutane sun fara ɗoso lungun da fara'arsu. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta yaye atamfar teburin, ta sunkuya ta ɗora Kutu a bayanta, ta goya shi tsam, ta ɗaure, ta rufa mayafi a kai.

Haka ta yini. Masu zuwa yabo suka tarar da teburi fayau, suka yaba hoton bango, suka ga ba ya ciruwa, suka tafi. Ita kuwa duk inda ta nufa sai a buɗe mata hanya ana rage murya. Wata ma'aikaciya ta kawo mata kujera mai laushi, ta tambaya da hannu ko jaririn yana barci. Barira ta gyaɗa kai, har da ɗan jijjigawa.

Jazuli ya matso ya ce, "Barira, mutane fa suna kallonmu."

"Su kalla. Wannan dai ba mai yaba shi sai ya bi ta kaina."

Da la'asar Madam Roza ta iso. Doguwa ce mai furfura, ba ta da yawan fara'a, irin matan da in suka dube ka sai ka tuna duk ƙaryar da ka taɓa yi. Ta zauna ta dubi teburin da ko ƙyalle babu, ta dubi Jazuli da kansa a buɗe, ta ce an gaya mata zai zo da samfurin kaya. Ina suke?

Jazuli ya dubi teburin shi ma. Warin shagon taya ya fara zuwar masa a hanci. Ya buɗe baki zai ce ai kayan suna nan a zauren, sai dai kowanne da mai shi, sai Barira ta miƙe. Ta yaye mayafi, ta kwance goyo, ta sauke Kutu a kan teburi ta gyara masa rawani.

Madam ta ƙura wa Kutu ido. Sai kuma ta tuntsire da dariya har da dafa teburi. Ta ɗauki Kutu ta juya shi, ta duba bakin ɗinkin, ta ja wutsiyar ta ga ba ta cira, ta ce wannan aiki ne na gaske, ya yi kyau matuƙa.

Kan Jazuli ya karkata. Hannunsa na dama ya kama hanyar ƙeya. Barira ta cafke hannun a ƙarƙashin teburi ta danne shi a kan gwiwarsa, tana yi wa Madam murmushi.

"Na gode," in ji Jazuli, da wata murya kamar an shaƙe shi.

Aka kunna fim a kwamfuta. Madam ta gyara tabarau tana kallo fuska a ɗaure. Da aka zo inda Kutu ya tara kaji yana musu jawabin haraji, zakara ya yi cara ɗaya sarki ya faɗo daga katanga, sai ta cire tabarau tana share hawaye. Ta sa aka mayar mata wurin ta sake kallo. Ta tambaya ko za a iya sa wa Kutu murya da wasu harsuna, Jazuli ya ce ko da na aljanu ne. Ta tambaya ko zai yarda a sauya masa suna a ƙasashen da ba za su iya faɗin Kutu ba, ya ce ai ƙadangare ba ya fushi. Sannan ta rufe kwamfutar ta dafa ta da hannu biyu, ta dube shi ido cikin ido. Ta ce ta yi shekaru tana wannan aiki, ba kasafai take faɗin haka ba, amma tana son fim ɗin nan ƙwarai da gaske.

Jama'a, fim ɗin fa ta yaba. Fim ɗin gaba ɗayansa, da katangar da kajin da tsohuwar.

Jazuli ya ce shi dai bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba. Ya ji kansa yana cewa, "Haba Madam, wannan ɗan abin? Ai na..." Sai ya ji wani abu ya sauka a kan babban yatsansa na ƙafa. Dunduniyar takalmin Barira ce, mai tsini, kuma da nauyinta duka ta hau. Ta murza. Idonsa ya kawo ruwa, ya ga zauren ya rabu biyu.

"...na gode," ya ƙarasa.

Madam ta ga hawaye a idonsa ta ɗauka na farin ciki ne, har ta dafa kafaɗarsa. Ta ce za ta ɗauki Kutu a gwada shi a tashoshinta, kuma tana son a fara da 'yar tsanar nan da jakar makaranta, don ta ga jakar a kafaɗar wani a wurin cin abinci ta yi ta neman inda ya samo ta. Ta ce lauyoyinta za su tuntuɓe shi, ya nemi nasa lauyan shi ma, kada ya amince da komai sai an karanta masa. Jazuli ya fassara wa Barira. Barira ta ce alhamdulillahi, amma ba ta ɗage ƙafarta ba sai da ta ga Madam ta miƙe ta rataya jakarta.

Shi ke nan fa, an tsira. Ba shagon taya, ba aiken ƙosai. Jazuli ya miƙe yana ɗingishi, bakinsa har kunne, ji yake kamar ya rungume kowa a zauren har da gajeren maƙwabcinsa.

Madam ta zagayo teburi ta kama hannayen Barira biyu ta riƙe. Ta duba yatsun, ta dubi fuskarta, ta juya ga Jazuli ta yi magana mai ɗan tsawo, tana yi tana jijjiga hannun Barira.

Barira ta ce, "Me take cewa?"

"Wai ke take yabo. Ta ce na yi dace, ba ta taɓa ganin mace mai hannu da kai irinki ba. Wai da ma a ce tana da kamarki a wurinta."

Yana gama faɗa ya juya wajen Madam da fara'arsa, ya ja numfashi, ya ce, "Haba Madam..." Sai kuma ya tsaya cak, ya waiwayo a hankali ya dubi matarsa, ya janye ƙafarsa baya.

Barira ta gyara mayafinta, ta saɓa jakarta a kafaɗa.

"Ƙarasa mana, Malam, kada a ce ba ka da tarbiyya. Wallahi wannan karon ba sai ta ɗauka ba, da ƙafata zan bi ta."